Yadda fim ɗin Baba ɗan garuwa ya isa allon biki

Ƙarfe 4 na asuba ne, cikin watan Fabrairun 2023, na fara kunna kyamara a bakin rijiyar burtsatsen da ke bayan layinmu a Kano. 'Yan garuwa sun riga sun jeru, kowa ya jingina da kurarsa, wasu sun ƙudundune cikin mayafi saboda ragowar sanyin hunturu. Wanda na zo dominsa shi ne na 6 a layi. Duk unguwa Baba muke ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Shekara 9 yana kawo ruwa gidanmu, amma sai ran nan na tsaya na ƙirga jarkokin da ke kurarsa. Guda 12 ne, kowace tana cin lita 25. Kilo 300 ke nan na ruwa zalla, ban da nauyin ƙarfen kurar, dattijo mai furfura yake turawa a lungun da babu kwalta, sau 6 ko 7 a yini.

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce da 'yan tallace-tallacen shaguna. Abin da ya jefa ni tunanin yin dokumentari, wato fim ɗin da ba a tsara wa kowa abin da zai faɗa ba, shi ne aikin Aïcha Macky mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021. A unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta yi shi, kan matasan da gari ya juya wa baya, kuma kusan duk maganar cikinsa Hausa ce irin ta bakin titi. Da na ji an nuna shi a bikin fina-finai na Visions du Réel na garin Nyon a Suwizalan, sai na ce ashe ba sai mutum ya ari bakin wani ba kafin a zauna a saurare shi. Baba kuwa mutumin jihar Damagaram ɗin ne, daga wani ƙauye a yankin Matamaye. Cin rani yake zuwa Kano bayan girbi, ya koma gida idan hadari ya fara haɗuwa.

Da na faɗa masa abin da nake so, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Yaro, me za a gani a tura kura?" Na ce, "Baba, ni ma abin da nake so in sani ke nan." Ya ce to, in dai ba zan tare masa hanya ba.

Aikin ya faɗo a tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka shige banki, sababbin kuma suka ƙi fitowa. Masu shago sun koma karɓar taransifa. Baba ba shi da asusu a banki, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila, sai ya koma ba da ruwa bashi. Yana yawo da guntun gawayi a aljihu, duk gidan da ya juye jarka sai ya ja layi ɗaya a bangon zaure. Na ɗauki hoton wani zaure da layukan suka kai 34. Shi kuwa mai rijiyar kuɗi hannu yake nema kafin ya buɗe famfo, domin shi ma sai ya sayi mai janareto yake tashi.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Wanda ya san ranar Kano a watan Afrilu ba sai na yi masa bayani ba. Wata rana a goman tsakiya, wajen ƙarfe 3, muna hawan wani ɗan tudu kusa da kwalbati, kurar ta tsaya cak. Baba ya sa dutse a bayan taya, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai. Gumin ma ya daina fito masa, leɓɓansa sun yi fari fat. Ya jima a haka. Can ya miƙa hannu ya kwance murfin jarka ɗaya, ya karkato ta, ya tara tafin hannunsa ya sha sau 3. Bai dube ni ba. Ya shafa ragowar a fuska da wuya, ya yi istigfari a hankali, ya miƙe ya cire dutsen ya ci gaba da turi. Kyamara tana kunne tun daga farko har ƙarshe, minti 3 da 'yan daƙiƙoƙi, hannuna sai rawa yake. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba, kuma babu wanda ya tayar da zancen a cikinmu har ya tafi gida a farkon watan Yuni.

Ya bar ni da hoto na awa 41. Na kwashe su na kai wa wani abokina mai tace hoto a titin gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim suke. Hannunsa ya saba da fim mai dogon zango, wanda ake yanka hoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi a kuma shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashin kowane hawaye. Mun sha gardama. Shi yana ganin babu mai haƙurin kallon dattijo yana tura kura na minti guda ba a ce komai ba, ni kuma ina ganin wannan minti gudan shi ne aikin da mutumin yake yi daga asuba zuwa magariba. Wata 2 muka yi kafin muka fitar da yankan farko mai minti 52.

A tsakanin nan ne na samu shiga wani horo ta intanet da ake yi wa sababbin masu dokumentari na Afirka. Aka haɗa ni da wata baiwar Allah da ta shekara sama da 20 tana tace fina-finai a Turai, kuma daga bakinta na fara jin yadda harkar bukukuwan fina-finai take tafiya. Ta ce minti 52 tsawo ne na gidajen talabijin, musamman na ƙasashen Faransanci da suka saba da shirin minti 26 ko 52, amma a wurin biki ya yi wa gajerun fina-finai tsawo, ya kuma yi wa dogaye gajarta. Yawancin bukukuwa suna ƙirga gajeren fim ne daga minti 30 ko 40 zuwa ƙasa, kuma mai tsara jadawali yana haɗa 4 ko 5 ne a zama ɗaya, don haka duk mintin da ka ƙara, gurbin wani kake nema. Ta ce in sauko ƙasa da 30.

Abu na 2 da ta ja mini kunne a kai shi ne YouTube. A Kano, da ka gama fim abin da kowa zai ce maka ke nan, ka ɗora shi ka fara tara masu kallo. Ta ce idan na yi haka na rufe wa kaina ƙofar manyan bukukuwa da yawa, domin suna son a ce a wurinsu aka fara ganin fim, ko dai a duniya baki ɗaya, ko a nahiyar, ko a ƙasar. Fim sau ɗaya yake da wannan daraja, da zarar ya fita ta tafi. Sai na kulle shi a shafin ajiye bidiyo na Vimeo da lambar sirri, na riƙa ba abokaina haƙuri wata da watanni.

Sannan ta tambaye ni takardar amincewar Baba. Na ce ai ya yarda, har na ɗauke shi a kyamara yana cewa ya yarda. Ta ce wannan ya yi kyau, amma duk wani gidan talabijin ko kamfanin rarraba fim zai nemi takarda mai sa hannu, wasu bukukuwan ma za su sa ka shaida cewa kana da ita. Ta ƙara da tambayar da ta fi wannan nauyi: shi mutumin ya ga abin da ka haɗa? Na ce bai gani ba.

Ba kuma ni da hanyar nuna masa. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da Nijar. Matasa suna ratsowa ta daji a kan babur, amma Baba ya ce shi jikinsa ba zai ɗauki wannan ba, ranin bana a gida zai yi shi. Nakan same shi jefi-jefi ta wayar ɗansa idan yaron ya shiga Matamaye ranar kasuwa.

Na yi amfani da watannin jiran wajen aikin da ban taɓa zaton zai cinye mini lokaci haka ba, wato fassarar da ke bi ta ƙasan allo, wadda 'yan fim ke ce wa sabtaitil. Tana da ƙa'ida. Layi ba ya wuce 2 a lokaci ɗaya, kowane layi harufa 42 ko kusa da haka, kuma dole rubutun ya tsaya gwargwadon yadda ido zai karanta shi kafin ya ɓace. Baba kuwa da karin magana yake zance. Idan ya ce ruwa ba ya tsami banza, a daƙiƙa 2 ya gama, Bahaushe ya gane, amma Turancin da zai ɗauke ma'anar sai ya cika allon. Kalmar cin rani kanta ta ba mu wuya. Abin da Turanci ya ba mu kalma ce ta ofis mai nufin ƙaura ta ɗan lokaci, babu ci a cikinta, babu rani, babu kuma wannan ma'anar ta mutum ya ɗauke bakinsa daga rumbun gida domin hatsin ya kai iyali damina.

Akwai kuskuren da har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. A wani wuri Baba yana ba da labarin ranar da ya fara barin gida, ya ce dala 100 ce kaɗai a aljihunsa. Yaron da na ba aikin fassarar Turanci, ɗan jami'a haifaffen Kano, ya rubuta dalar Amurka 100, ni ma na karanta na wuce. Wata malama 'yar Maraɗi da ta yi mini fassarar Faransanci ita ta kira ni ta ce, "Malam, ka san mene ne dala a bakinmu kuwa?" A Nijar dala ita ce sefa 5, dala 100 sefa 500 ke nan, jikka kuma sefa 1,000, alhali mu a Kano jaka naira 200 ce. Da an bar rubutun nan haka, da mai kallo a Turai ya zaci da jari Baba ya fito, kuma da duk labarin ya karkace. Daga nan na ba ta fim ɗin gaba ɗaya ta bi shi jimla-jimla, ta ciro wurare 11 da kunnen Bakano ya ji wani abu daban da abin da Badamagare ya faɗa.

Na kuma yi asarar wata fitowa da nake ƙauna, ta teburin mai shayi, inda 'yan garuwa ke hira da dare kan yadda kowa ya baro gonarsa. Rediyon mai shayin yana kunne, waƙar wani fitaccen mawaƙi tana tashi a ƙarƙashin kowace kalma. Ba a raba ta da muryoyin, kuma ba ni da izinin mai ita. Dole na cire. Tun daga lokacin, duk inda zan ɗauki hoto, kafin in duba haske sai na saurari abin da ke kunne.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Bayan ƙaramar salla na ɗauki kwamfutata na hau mota zuwa Daura, na tsallaka ta Kongolam, na sauka Matamaye, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauyen ta cikin yashi. Baba ya rame kaɗan, amma ya tarbe ni kamar ɗan da ya haifa. Aka kawo fura. Ya ce kafin kowa ya gani, shi kaɗai zai fara gani. Muka shiga zaure, na ɗora kwamfutar a kan tabarma, na kunna.

Bai yi magana ba sai wurin gawayin, inda ya yi murmushi ya ambaci gidajen da har yau ba su biya ba. Da aka zo kan tudun nan na kusa da kwalbati, sai na ga ya gyara zama. Ya kalli kansa yana zaune a ƙasa, ya kalli hannunsa yana kwance murfin jarka. Ya bari har fim ɗin ya ƙare, sannan ya ce, "Yaro, aikinka ya yi kyau. Amma wurin can ka cire shi."

Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi. Na ce, "Baba, ai babu laifi a abin da ka yi. Addini ya yi rangwame ga wanda ya ji tsoron halaka. Duk wanda ya ga wurin nan tausayinka zai ji, zai kuma san nauyin aikin nan." Ya ce ya sani, ya tambayi malami tun a lokacin. Ya ce, "Ni da Ubangijina mun gama wannan magana. Na rama azumin tun cikin watan salla. Amma wannan abin naka, duk ranar da aka kunna shi sai na sake sha. Jikokina za su ga kakansu yana shan ruwa da rana a watan azumi, ba za su ga ranar da ya rama ba."

Takardar amincewar tana cikin jakata, da Turanci, kuma yadda aka tsara ta, da zarar ya sa hannu na samu ikon amfani da duk abin da na ɗauka yadda na ga dama. Baba ba ya karanta boko. Zuciyata ta raya mini cewa in karanta masa sama-sama ya sa hannu, in ya so daga baya a san abin yi. Na daɗe ina jin nauyin wannan tunanin da ya zo mini a zauren mutumin da ya ba ni fura. Abin da na yi shi ne na juya bayan takardar na rubuta fassararta da Hausa, na ƙara layi ɗaya da ke cewa ba za a nuna abin da ya faru a kan tudu ba, a ko'ina, har abada. Ɗansa da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya karanta masa a bayyane. Baba ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami. Da dare aka tara mutanen gida a tsakar gida, na kunna musu, na tsallake wurin. Inna, matarsa, shekara da shekaru tana karɓar saƙon kuɗi daga Kano, amma ran nan ta fara ganin kurar da idonta. Ta riƙe haɓa, ba ta sake ta ba har aka gama.

Da na faɗa wa malamata ta Turai, ta yi shiru, sannan ta ce minti 3 ɗin nan su ne zuciyar fim ɗin, ko zan sake roƙonsa, ko a dusashe fuskarsa. Na ce an riga an sa hannu. Ta ce to, fim ɗinka ne, mu nemi abin da zai tsaya a gurbin. Muka koma cikin awa 41 ɗin muka samo wata magariba da na manta na ɗauka: Baba yana zaune a gefen jarkokinsa da babu komai a ciki, kofin ruwa a hannunsa, ya karkata kunne yana jiran kiran salla, kofin yana ɗan girgiza. Ita muka sa. Ba zan ɓoye ba, ba ta kai waccan ƙarfi ba. Duk lokacin da na kalli fim ɗin ina jin ramin da ke wurin, kuma ko yau aka sake tambayata cirewar zan yi. Fim ɗin ya tsaya a minti 26.

Daga nan aka shiga aikin turawa. Yawancin bukukuwa ta shafin FilmFreeway suke karɓar fim. Za ka buɗe wa fim ɗinka shafi, ka sa taƙaitaccen labarinsa, da bayanin dalilin da ya sa ka yi shi, da hotuna, da fosta, da ɗan gajeren talla, da tarihinka. Sannan kuɗin shiga. Waɗanda na duba daga dala 20 ne zuwa 50, ta Amurka wannan karon, a lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, ga shi katin bankina na naira ba ya biyan kuɗin waje. Sai na koyi rubuta wasiƙar neman a yafe mini kuɗin. Takan zama gajera: ga ni, ga inda nake, ga fim ɗin, ga abin da kuɗin nan yake daidai da shi a wurinmu. Da yawa ba su amsa ba, amma wasu sun turo mini lambar shiga kyauta, wasu bukukuwan Afirka kuma dama ba sa karɓar ko kwabo.

Ina so in gargaɗi duk wanda zai bi wannan hanya kan wani abu. Akwai masu kiran kansu biki alhali ba su da zauren kallo ko ɗaya. Duk wata suke raba kyauta, duk wanda ya biya sai an turo masa tambarin ganyen nan da ake liƙawa a fosta. Da na buɗe shafina suka yi ta aiko mini da saƙon yabo, ba su ma kalli fim ɗin ba. Kafin ka ba kowa kuɗinka, ka nemi hoton zauren da suka nuna fina-finan bara, ka nemi sunayen fina-finan, ka ga ko akwai mutane a kan kujeru.

Wurare 23 na tura. A ciki akwai IDFA na birnin Amsterdam, wanda aka kafa a 1988, ana yin sa a watan Nuwamba, kuma shi ne uban tafiya a harkar dokumentari. Akwai FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969 ake kuma yin sa duk bayan shekara 2. Shi na fi ƙwallafa wa rai, saboda wanda ya fara cin babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, mutumin da ya yi dako a tashar jiragen ruwan Abidjan kafin Bafaranshen mai shirya fim Jean Rouch ya sa shi a fim ɗinsa na 1958 kan 'yan Nijar masu neman abinci a can. Na ga kamar labarin ɗan cin rani yana da gida a wannan wuri. Ban samu shiga ko ɗaya daga cikin manyan nan ba. Wasiƙun haƙuri 14 na karɓa, kusan duk lafazi ɗaya, 7 ba su ce komai ba. Ta farko ta hana ni barci. Daga baya na fahimci cewa fim ɗari-ɗari ko dubbai suke zuwa wa gurbin da bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa abin da ake dubawa shi ne wane fim zai zauna da wane a zama ɗaya.

Guda 2 suka karɓa. Ɗaya ƙaramin biki ne a wani gari na Turai. Sun aiko da takardar gayyata, na nemi biza ban samu ba, sai na amsa tambayoyin masu kallo ta Zoom daga ɗakina, layin yana yankewa. Sun biya yuro 100 ladan nunawa, abin da ba kowane biki ke yi wa gajeren fim ba. Na canza na aika wa Baba, aka sayi hatsi.

Na 2 a Legas ne, a ƙarshen 2024, kuma shi ne na halarta da ƙafata. Sun nemi fim ɗin a tsarin DCP, wanda shi majigin sinima na zamani yake karantawa. Masu haɗa shi kuɗi suke caja mai yawa, sai na sauke wata manhaja ta kyauta mai suna DCP-o-matic na koya da kaina, kwamfutar ta kwana tana aiki ina gadin janareto. Fayil ɗin ya yi girman da intanet ɗinmu ba zai ɗauka ba, na zuba shi a faifai na hau motar dare daga Sabon Gari. Washegarin isata aka ba ni minti 10 na gwaji a zauren da babu kowa. A nan na fara jin kukan tayar kurar Baba yana fitowa daga manyan lasifikoki, ƙiii ƙiii, yana zagaye ɗakin. Shekara 9 ina jin wannan ƙara ta tagar ɗakina ban taɓa sanin tana da amo haka ba. Na zauna a kujerar gaba na kasa tashi.

An sa mu ƙarfe 2 na rana a tsakiyar mako, fim na 3 cikin 4. Zauren zai ci mutum sama da 100, waɗanda suka zo ba su wuce 40 ba. Na zauna can baya ina kallon ƙeyoyinsu. Akwai wurin da wata mata take yi wa Baba ƙorafin tsadar ruwa, ya ce mata, "Hajiya, ruwa na Allah ne, turawar kike biya." Dariya ta tashi sau 2. Ta farko daga wasu mutum 5 ko 6 a gefen hagu, nan take, kafin ma rubutun ya fito. Ta 2 daga sauran zauren, bayan sun karanta. A wannan ɗan tsakanin na gane akwai 'yan uwana a ɗakin, na kuma gane fassarar malamar Maraɗi da yaron jami'a ta isar da saƙo.

Da aka kunna fitila aka kira ni gaba. Wani dattijo Bayarabe ya miƙe ya ce su ma a Legas mai ruwa suke ce musu, shekara 20 yana sayen ruwa a hannunsu a unguwarsa, bai taɓa tambayar ɗayansu daga ina ya zo ba. Wata matashiya ta tambaya ko mutumin ya ga fim ɗin, kuma me ya samu. Na faɗa mata gaskiya, ya gani kafin kowa, abin da ya samu kuma bai kai wahalar da ya sha da ni ba. Wani kuma ya ce ya ji kamar akwai abin da ya faru a watan azumin da ban nuna ba. Na ce akwai, mai shi ne ya ce a bar masa.

Da nunin Legas ya wuce, babu sauran abin da nake tattali. Baba ya dawo Kano bayan girbi. Na kai fim ɗin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 take duba abin da za a nuna wa jama'a a jihar, na kuma je gaishe da mai unguwa na nemi izini. Wani dare a watan Janairun 2025, bayan sallar isha'i, muka ɗaure farin zanen gado a bangon da ke fuskantar rijiyar, na aro majigi, mai rijiyar ya ba mu wuta daga janaretonsa. Tsofaffin unguwa suka ce rabon su da majigi a fili tun zamanin da motar gwamnati take yawo gari-gari da shi. Na cire rubutun fassarar gaba ɗaya, domin babu mai bukatarsa.

'Yan garuwa sun fi 30, sun jera kurarsu a baya sun zauna a kai. Ba su yi shiru irin na Legas ba. Suna kiran sunan duk wanda ya gifta a allon, suna gardama kan yadda Baba yake ɗaure jarkokin gaba, wani yana cewa shi ya koya masa. Da aka nuno zauren mai layi 34, wani magidanci ya tashi a hankali ya bar wurin, washegari kuma ya nemi Baba ya biya shi. Shi Baba yana gefe a kan benci, ya naɗe ƙafa, bai ce uffan ba. Ana gamawa ya miƙe, ya ce zai je ya kwanta, ƙarfe 4 yake so ya kama layi.

Na raka shi har bakin shagon da suke kwana. A hanya na ce masa ina so in rubuta yadda aikin nan ya gudana domin masu tasowa, kuma ba zai yiwu in ba da labarin ba tare da ambaton abin da ya faru a kan tudu ba. Ya tsaya ya yi tunani. Ya ce magana daban, hoto daban, tunda ba za a ga hannunsa a jarkar ba. Ya ce, "Ka rubuta, yaro. Amma ka tabbata ka rubuta cewa na rama."

Ya rama, cikin watan Shawwal na shekarar, ranar wata Alhamis, yana tura kura.